Kwaɗon da ke cikin wayarka, da yaƙin da aka yi kafin ya iso hannunka

Ranar Talata, ranar da kasuwar Aswani ke ci a Isolo, in ka sami gefe ka tsaya ka lura da hannuwan mutane, za ka ga kuɗin takarda sun ja baya. Wannan ta miƙa kati, mai POS ya juyo mata na'ura ta danna lambobi huɗu. Wancan ya ce a karanto masa lambar asusu, ya tura, mai kaya ya riƙe leda yana jiran alat. Haka abin yake wurin mahauta da dillalan shanu a Oko-Oba ta Agege, da 'yan gwari a Mile 12, da 'yan canji. Bahaushen Legas kan aika saƙon murya Dawanau a auna masa wake, ya tura kuɗin mota Illela, ya aika wa gida na cefane, duk yana zaune kan benci ɗaya. Dukiyar da kakanninsa fataken goro ke ɗaurewa a ƙugu su kwana a kanta, yau ta iska take bi, tana ratsa turakun sadarwa da kwamfutocin mutanen da bai taɓa gani ba. Abin da ya hana a kwashe ta a hanya wani kwaɗo ne da aka ƙera da lissafi.

Kwaɗon nan yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, dokar Amurka ta jera manhajar kulle saƙo tare da tankokin yaƙi da makamai masu linzami, fitar da ita waje sai da izinin gwamnati. Lissafin da ke cikinta kuma yana ƙarƙashin haƙƙin mallakar ƙirƙira, amfani da shi sai an biya. Katanga biyu ke nan. Mu da ke bayan katangar, kwaɗo mai rauni aka ware mana, kuma da gangan aka raunana shi. Ya kamata mu san yadda katangun suka tashi, yadda suka rushe, da ɓarnar da suka bari, domin muhawarar ba ta ƙare ba, har ta iso Abuja.

Daga zaurance zuwa lissafi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance. Ana cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma, sai 'yanmata biyu su yi hirarsu a gaban mutum ya kasa tsintar komai. Magana a fili, ma'ana a rufe. Raunin zaurance shi ne wanda ya gano dabarar sau ɗaya ya gano ta ke nan. Tun ƙarni na 9 masanin Bagadaza, al-Kindi, ya rubuta yadda ake kwance rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi maimaituwa. Shi ya sa daga baya masana suka tsaya kan wata ƙa'ida: a bar dabarar a fili kowa ya duba, sirrin ya tsaya ga makulli kaɗai. Ai kowa ya san yadda kwaɗon shago ke aiki, ɗan makullin ne ba a bai wa kowa.

Ƙarfin makullin kwamfuta a tsawonsa yake, kuma da bit ake auna shi. Ɗauki kowane bit tamkar haƙori ɗaya na ɗan makulli, ko yana sama ko yana ƙasa. Duk haƙorin da aka ƙara yana ninka wahalar ɓarawo. Makulli mai haƙori 40 yana da siga sama da tiriliyan ɗaya. Adadin yana da girma a kunne, amma kwamfutoci na iya gwada su ɗaya bayan ɗaya har su dace. Mai haƙori 128 kuwa, yawan sigoginsa lamba ce mai alƙaluma 39, ko an tara kwamfutocin duniya kaf ba za su gama gwadawa ba.

Sai dai akwai tsohuwar matsala. Ta yaya mai kaya a Kantin Kwari da mai saye a Isolo za su yi musayar makulli, alhali ba su taɓa haɗuwa ba, kuma hanyar da ke tsakaninsu cike take da masu kasa kunne? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka wallafa mafita. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na MIT suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. Misalinsa kamar ka ƙera kwaɗuna masu yawa ka baza su a buɗe, kowa ya ɗauka. Mai aiko maka saƙo zai sa a akwati ya datse da kwaɗonka, ɗan makullin buɗewa kuwa guda ne, yana aljihunka. Lissafin ya dogara ne kan aikin da ke da sauƙin yi da wuyar warwarewa. Ɗan firamare zai ninka 89 da 97 ya sami 8633. Amma ka ba shi 8633 ka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi gumi. In lambobin suka kai alƙaluma ɗaruruwa, kwamfuta ma sai ta sallama.

Katanga ta farko: haƙƙin mallaka

Haƙƙin mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da mai ƙirƙira: ya bayyana yadda abinsa ke aiki, ita kuma ta ba shi wasu shekaru shi kaɗai ke cin moriya. Stanford ta karɓi takardarta ta tsarin Diffie da Hellman a 1980. MIT ta karɓi ta RSA, mai lamba 4,405,829, ranar 20 ga Satumba 1983, na tsawon shekara 17. Daga nan duk mai son sa RSA a hajarsa a Amurka sai ya sayi lasisi.

Irin wannan takarda iyakarta ƙasar da ta bayar. Nijeriya tana da dokarta tun 1970, Nijar kuma tana ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Tun da an riga an wallafa lissafin RSA kafin a nemi takardar, Turai ma ba ta ba shi kariya ba. A doka, ɗalibi a Zariya ko Legas yana da 'yancin rubuta RSA ya sayar. A zahiri kuwa, mafi yawan manhajojin da duniya ke amfani da su daga Amurka suke fitowa, kuma masu rubuta manhajar kyauta, waɗanda ba su da kuɗin lasisi, tilas suka riƙa cire kwaɗon ko su yi kewaye. Wani tsarin mai suna IDEA, mallakar wani kamfanin Suwizalan, ya zauna a ɗaure har wajen 2012. Gudun irin waɗannan takardu na daga cikin abin da ya sa Bajamushe Werner Koch ya fara rubuta manhajar kulle saƙo ta GnuPG a 1997.

Ba na musun cewa mai ƙirƙira ya ci guminsa. Amma ga abin lura: a 1997 Ingila ta bayyana cewa wani ma'aikacin hukumar leƙen asirinta, Clifford Cocks, ya riga ya gano lissafi irin na RSA tun 1973, aka rufe shi a matsayin sirrin gwamnati. Ɓangare biyu a nahiya biyu sun isa rijiya ɗaya ba tare da sun ga juna ba, domin rijiyar tana nan tun asali. Lissafi gano shi ake yi, kuma yana da wuya a gamsar da ni cewa wanda ya riga kai takarda ofis ya mallaki ruwan.

Katanga ta biyu: dokar fitarwa

Wannan ta fi tsauri, kuma tushenta yaƙi ne. Amurka da Ingila sun ɗanɗana ribar karanta saƙonnin Jamus da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ba su so su rasa wannan kunne a zamanin yaƙin cacar baka. Sai aka sa kayan kulle saƙo cikin jerin makamai. Da kwamfuta ta shiga ofisoshi da gidaje, a 1992 aka yi sulhu da kamfanonin manhaja: za a sauƙaƙa izinin fitarwa in makullin bai wuce haƙori 40 ba. Shi ya sa Netscape, manhajar shiga intanet da ta yi tashe a lokacin, ta fito iri biyu, ta gida mai haƙori 128, ta 'yan waje mai 40.

Ba a daɗe ba asiri ya tonu. A Agustan 1995 wani ɗalibi Bafaranshe, Damien Doligez, ya fasa saƙon da aka kulle da haƙori 40 cikin kwana takwas da kwamfutocin cibiyar bincike. A Janairun 1997 Ian Goldberg, ɗalibi a Berkeley, ya fasa wani cikin awa uku da rabi. Abin da ɗalibi ya iya da kayan makaranta, ƙungiyar ɓarayi ma za ta iya.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Faransa ta taƙaita wa 'yan ƙasarta amfani da makulli mai ƙarfi har 1999. A 1996 aka kafa yarjejeniyar Wassenaar ta sa ido kan fitar da makamai da kayan da ke da amfanin soja da na farar hula, manhajar kulle saƙo na ciki. Yau ƙasashe 42 ne a cikinta, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Ma'ana, ba mu cikin zauren da ake yanke irin kwaɗon da ya halatta a sayar mana.

Yadda katangun suka rushe

A 1991 Phil Zimmermann ya rubuta PGP, manhajar kulle wasiƙun intanet, ya sake ta kyauta. Da ta tsallaka iyaka, gwamnati ta buɗe masa bincike a 1993 bisa zargin fitar da makami, kamfanin da ke riƙe da RSA kuma yana ƙorafin an taka haƙƙinsa. Katangu biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya. A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga rubutun manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi. Tsarin mulkin Amurka yana kare littafi, saboda haka sai tambaya ta fito fili: in ya halatta a fitar da kalmomin a kan takarda, me ya haramta su a kan faifai? A Janairun 1996 aka rufe binciken ba tare da tuhuma ba. A shekarar ce kuma alƙaliya Marilyn Hall Patel, a ƙarar da ɗalibin lissafi Daniel Bernstein ya shigar, ta yanke cewa rubutun manhaja magana ce da 'yancin faɗin albarkacin baki ya rufe.

Gwamnati ta gwada wata hanyar. A 1993 ta fito da Clipper, kwaɗo mai ƙarfi amma da ɗan makulli na biyu ajiye a hannun hukuma. Shekara guda bayan haka Matt Blaze ya nuna tsarin yana da ɓaraka, jama'a da kamfanoni kuma suka ƙaurace masa. A Yulin 1998 ƙungiyar EFF ta ƙera na'urar da ba ta kai dala 250,000 ba, ta fasa DES, kwaɗon gwamnati mai haƙori 56 da bankuna suka daɗe suna dogaro da shi, cikin awa 56. Ga shi kuma aikin ya soma ƙaura: SSLeay daga Ostireliya, OpenSSH daga aikin OpenBSD mai tushe a Kanada, GnuPG daga Jamus. Dokar ba ta hana duniya samun kwaɗo ba, kasuwa kawai take janye wa kamfanonin Amurka.

A ƙarshen 1996 Shugaba Clinton ya mayar da lamarin izinin fitarwa hannun ma'aikatar kasuwanci. A Janairun 2000 aka sassauta dokar sosai. A Satumbar 2000 RSA ya zama na kowa. A 2001 aka tabbatar da sabon kwaɗo, AES, wanda 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, bayan gasa a bainar jama'a da sharaɗin ba za a biya kowa ko sisi ba. A Agustan 2001 ɗin nan ne wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya. Mun zo a kan gaɓa. Katin ATM mai guntun ƙarfe, tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da aka fara a Legas a 2012, BVN a 2014, da kulle saƙonnin WhatsApp daga waya zuwa waya a Afrilun 2016, duk an gina su bayan katangun sun faɗi. Da ƙarancin takardun naira ya kama mutane a farkon 2023, kwaɗon nan ne ya riƙe cinikin Agege da Isolo.

Tabon da ya rage

Tsarin GSM kansa ya zo da kwaɗo iri biyu: A5/1 na Turai, da A5/2 da aka raunana domin sayarwa wasu ƙasashe. A 1999 masana suka nuna ana fasa A5/2 nan take, daga baya aka hana sa shi a sababbin wayoyi. A 2021 masu bincike a Turai suka gano cewa GEA-1, kwaɗon intanet na wayoyin farko, ƙarfinsa na gaskiya haƙori 40 ne, kuma alamu sun nuna da niyya aka yi. A 2015 aka gano ɓaraka biyu, FREAK da Logjam: tsofaffin makullan 'yan waje suna nan kwance a cikin manhajoji, maharin da ya iya zai tilasta wa waya da shafin intanet su koma kansu. Shafukan gwamnatin Amurka ma suna cikin waɗanda abin ya shafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta tambayar ƙadangaren na wane gida ne.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin kulle saƙo, CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ne suka saye shi a ɓoye a 1970. Nijeriya tana cikin masu saye. Rahoton ya ce an taɓa tarar da wani babban kaso da muka saya jibge a sito ko buɗe shi ba a yi ba. Mun biya kuɗi mun sayi kwaɗon da mai sayarwa ke riƙe da makullinsa, kuma ba mu da wanda zai buɗe cikinsa ya duba.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan kuwa katangar ba ta faɗi a kansu a 2000 ba. Sassaucin bai haɗa da ƙasashen da aka sa wa takunkumi ba, irin su Kuba, Iran, Koriya ta Arewa, Siriya da Sudan. Sai a 2015 Amurka ta sassauta sosai wajen aika wa Sudan manhajojin sadarwar jama'a. Ɗalibi a Mai Wurno ko Gadarif ya yi shekaru ana rufe masa ƙofar da ke buɗe ga takwaransa na Kano, kan laifin da ba nasa ba.

Muhawarar ta iso gida

Hujjar hukumomin tsaro tana da nauyi, kuma ɗan Arewa ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Mun binne mutane, mun haɗa kuɗin fansa, mun ga an rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Wanda aka sace masa ɗa yana da haƙƙin tambayar me ya sa ba za a saurari wayar ɓarayin ba.

Dokokinmu sun riga sun yi nisa a nan. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar waya. Amma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar layuka na shekara biyu, ƙa'idojin NCC na 2019 kuma sun ba hukumomin tsaro damar neman a miƙa musu makullin saƙon da aka kulle. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 domin sa ido kan WhatsApp da wayoyin Thuraya. Ƙasashen da suka fara wannan tafiya ma ba su daina ba: a Fabrairun 2025 kamfanin Apple ya janye wani matakin kulle bayanai daga Ingila bayan gwamnati ta nemi a buɗe mata ƙofa.

Ra'ayina shi ne a bambanta abu biyu. Bin sawun wanda ake zargi, da izinin alƙali, aiki ne da shari'a da hankali suka yarda da shi. Raunana kwaɗon kowa domin a kama mutum ɗaya kuwa, an gwada shi shekara talatin, mun kuma ga sakamakon a baya. Cinikin fansa sau da yawa a layin waya na gama-gari ake yin sa, layin da tun Disambar 2020 aka ce a haɗa shi da lambar NIN. Abin da ke ƙaranci shi ne bin sawu da gaggawa da riƙon amana. Yawancin masu kukan an kwashe musu asusu kuma, ba fasa lissafi aka yi ba. Kira aka yi da sunan banki aka karɓi lambar sirri, ko aka sace waya, ko aka sauya layi. In aka ƙara ɗan makulli na biyu a aljihun wani ofis, an ƙara wa ɓarawo ƙofa, kuma wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai shago da jarinsa duka ke cikin waya. Addininmu ma ya yi hani ga bin diddigin asirin mutane, hanin yana cikin Suratul Hujurat.

Abin da ya rage mana

Zagaye na gaba ya riga ya fara. Ana fargabar wani sabon nau'in kwamfuta da zai iya kwance lissafin RSA, shi ya sa a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin kwaɗuna. A wannan karon sai da ta sasanta da masu riƙe da takardun mallaka domin kowa ya yi amfani ba tare da biya ba. Sun koyi darasi. Bankunanmu da kamfanonin waya za su sauya kwaɗo a shekaru masu zuwa, tambayar ita ce wa zai duba mana abin da za a kawo.

Zanen aro ba ya rufe katara. Abin farin ciki shi ne ilimin yanzu a buɗe yake: rubutun OpenSSL da GnuPG da Signal yana nan kyauta, ba lasisi, ba izinin fitarwa da zai tare ɗan Nijeriya. Sassan lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Legas suna iya yaye masu karanta shi su gane inda aka yi ha'inci. Wasa da lambobi ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1732 Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin jera lambobi a murabba'i, masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Ga 'yan majalisarmu, duk ƙudurin da ya zo da sunan tsaro yana neman a ajiye makullin jama'a a wani wuri, su tambayi tarihin Clipper kafin su ɗaga hannu. Ga shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, su sa a riƙa yi wa mutane bayani da Hausa a masallaci da taron ƙungiya: kada a faɗa wa kowa lambar sirri, a sabunta manhajar waya, a sa wa layi da WhatsApp makulli na biyu. Alhajin da ke rufe shago a Isolo da magariba yakan ja kwaɗon sau biyu ya tabbatar ya kama kafin ya juya. Jarinsa ya koma cikin waya, kuma yana da haƙƙin a samu ɗan ƙasarsa da ya iya jan wancan kwaɗon ya gaya masa gaskiyar ko ya kama.